Masu koyar da yara a gida: ina kuke samo musu littattafan labari?

Maman Ruƙayya, Aboabo

Assalamu alaikum iyaye. Tambayata ga waɗanda ke koyar da 'ya'yansu boko a gida kamar mu. Yarana biyu ne, Ruƙayya mai shekara 8 da ƙaninta mai 5. Da safe karatu a hannuna, da la'asar su tafi makarantar allo. Lissafi da rubutu ba su dame ni ba, littattafansu na nan a kasuwannin Adum da Kejetia a nan Kumasi. Abin da ya gagare ni shi ne littafin labari, irin wanda yaro zai ɗauka don kansa ba sai an ce ya ɗauka ba. Sababbi sun yi tsada, na gwanjo kuma yawancinsu labarin ƙanƙara ne da yaran da ba su yi kama da namu ba. Ana ta ce min akwai na kyauta a intanet. Don Allah wanda ya gwada da 'ya'yansa ya gaya mana yadda ta kaya.

Malam Sani, Asawase

Wa alaikumus salam, Maman Ruƙayya. Ki fara da African Storybook. Wata ƙungiyar ilimi ce ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta kafa shi, labaran kuwa daga ƙasashen Afirka ne, cikin harsuna da yawa, har da Hausa. Kina iya zaɓar harshe, ki zaɓi matakin karatu, ki sauke littafin ki ajiye. Ba sata ba ne, lasisinsu ya yarda a sauke, a buga, har a fassara. Abin da ya ja yarana shi ne zanen: kasuwa, akuya, uwa da goyo, yaro da tulu. Ƙaramar ta kan tsaya a hoto ɗaya tana ba ni labarin da ba ya cikin rubutun, ni kuma ba na katse ta. Akwai kuma Book Dash, su ma daga Afirka ta Kudu, marubuta da masu zane ne 'yan sa-kai suke haɗuwa su gama littafi cikin awa 12. Suna da waɗanda babu rubutu ko kaɗan, hoto zalla. Irin waɗannan ne za su dace da ɗanki mai shekara 5.

Maman Imrana, Sabon Zongo

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ni wayar ce ta zame min matsala. Waya ɗaya ce a hannuna, da ita nake karɓar kuɗin masu sayen waina da koko, da ita 'yan'uwa ke kirana. Muna tsakiyar labari saƙo zai shigo, in karɓe wayar, kafin in dawo hankalin yaro ya tafi. In na bar masa ita kuma, ba a jima ya bar littafin ya koma bidiyo. Ga kuɗin data, ga dumsor, wuta ta ɗauke caji ya ƙare.

Yanzu ga yadda nake yi. Da dare, bayan sun kwanta, nake zama in zaɓi labaran in sauke. In zan shiga gari sai in kai wa masu fotokofi su buga min shafi biyu a fuskar takarda ɗaya, baƙi da fari, don mai kala ya fi ƙarfina. In na dawo gida in ninke, in ɗinke tsakiyar da zare da allura, in yi masa bango da kwalin sabulu. Rashin kalar ma alheri ya zama, domin Imrana da kansa yake shafa wa hotunan launi, ya rubuta sunansa a bango. Littafin da ya karanta sau ɗaya a waya ya manta da shi, wanda na ɗinka masa kuwa har gefensa ya yage don yawan juyawa. Yana kai shi ƙofar gida yana karanta wa yaran maƙwabta da suka dawo daga makaranta.

Hajiya Adiza, Tafo

'Ya'yana, ni jikoki nake riƙo, kuma abin da ya kawo ni maganar nan Hausa ce. A makarantun gwamnatin Ghana ana koyar da Twi, Fante, Ga, Ewe, Dagbani da sauransu, Hausa ba ta ciki. Yaron zango zai tashi yana jin ta, yana sayayya da ita, yana faɗa da ita, amma bai taɓa ganin ta a takarda ba. In ba a gida aka nuna masa ba, ina zai gani?

Hausar waɗannan littattafan ta Nijeriya ce, ta ɗan bambanta da tamu ta nan da ta sha Twi da Turanci. Da farko jikokina dariya suke yi, wai littafin yana magana irin ta rediyo. Ban hana su dariyar ba. Mu karanta yadda aka rubuta, sannan in ce su maimaita min da bakinsu. A haka suka saba da ƙ da ɗ da ɓ. Sai dai a duba kafin a buga, don na taɓa sauke wani daga wani shafi, fassarar tasa ko ni da furfurata ban gane inda ta dosa ba.

Wani abu kuma, kada intanet ta sa mu raina abin da ke cikin gida. Ina yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, babbar jikata ta ɗauki muryata a waya, washegari ta zauna ta rubuta, ƙannenta su yi zane. Maƙwabciyarmu Ba'asantiya ta ba su na Ananse, suka yi ta gardamar wa ya fi wani wayo tsakaninsa da Gizo.

Baban Fauziya, Asokore Mampong

Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban ƙi ta taki ba. Amma mu tuna BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, tana gaba, kuma da Turanci za a rubuta ta. Ni StoryWeaver na fi riƙewa, na Pratham Books ne a Indiya, tun 2015 yake. An jera littattafan mataki-mataki, daga mai 'yan kalmomi zuwa mai dogon labari, don haka ina sanin inda Fauziya ta kai ba tare da na yi mata jarrabawa ba. Akwai na kimiyya da lissafi cikin sigar labari. Wasu littattafan suna da Turanci kuma suna da Hausa, sai mu karanta ɗaya yau, ɗayan gobe.

Kuma kada mu manta da ɗakin karatu na Ashanti da ke cikin Cultural Centre a Bantama. Hukumar ɗakunan karatu ta Ghana tana da manhajar waya, amma zuwa da ƙafa daban ne. Yaron da ke karatu a gida yana bukatar ya ga wasu yara zaune da littafi. Can ne Fauziya ta gane cewa 'yan Ghana ma suna rubuta wa yara, irin su Meshack Asare, wanda shi yake rubutawa kuma shi yake zanawa.

Anti Zuwera, Akwatia Line

Nawa gajere ne. Ki karanta kowane littafi daga farko har ƙarshe kafin ya kai hannun yaro. Musamman tsofaffin littattafan Turawa da ake samu kyauta, wasunsu yadda suke siffanta baƙar fata ba abin da za ki so 'yarki ta haɗiye ba ne ita kaɗai.

Maman Ruƙayya, Aboabo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na sauke na farko jiya, marar rubutu, ƙaramin ya ba mu labari da Hausa, yayarsa ta juya shi da Turanci. Yaya Maman Imrana, in ba damuwa zan leƙo ki ranar Asabar ki nuna min ɗinkin nan. Hajiya kuma ina roƙo, in jikarki ta yarda a ara mana na Gizon nan mu yi fotokofi.

Malam Sani, Asawase

In haka ne kowa ya faɗi waɗanda ya riga ya buga, kada gida biyar su biya kuɗin littafi ɗaya. Nawa na Hausa suna nan a shago, duk mai so ya aiko yaro bayan sallar Juma'a, ya zo da nasa mu yi musaya.