Na buga labari ba daidai ba a kan wani ɗan kasuwa, yaya zan gyara?

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum manyanmu. Ina aiki da wani shafin labarai na Hausa. Ranar Talata na buga cewa 'yan sanda sun kama wani dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas bisa sata, har da hotonsa. Ashe gayyatarsa aka yi a matsayin shaida, ya koma rumfarsa kafin la'asar. Mai gidana ya ce a goge a yi shiru. Hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata?

Edita, Ikeja: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka goge a ɓoye. Mutane sun riga sun ɗauki hoton labarin yana yawo a WhatsApp, ka goge naka nasu na nan, shi kuma ba shi da abin nunawa. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun ce a gaggauta gyara kuskure, a kuma ba mutum damar mayar da martani. Fara da cire hoton yau ɗin nan. Ka canza kanun, a saman labarin ka rubuta "Gyara" da kwanan wata: abin da kuka ce, abin da yake gaskiya, sannan neman afuwa. Layi uku sun isa. Kada ka ce "an samu rashin fahimta", ka ce "mun yi kuskure". Duk inda ka tura na farko, Facebook ne ko zaurukan WhatsApp, nan za ka tura gyaran, ka maƙale shi a sama.

Lauya, Obalende: Malam, ka adana komai tukuna: labarin na asali, saƙon wanda ya ba ka, da lokacin da ka buga. Dillalin yana da damar kai ƙarar ɓata suna, kuma "ana zargin" ba ta wanke ka tunda ba a zarge shi da komai ba. Neman afuwa ba ya hana ƙara, amma kotu na duba shi wajen yanke diyya. Ka bari lauya ya ga rubutun gyaran kafin ya fita.

Wakiliya, Idi-Araba: Gayyata daban, kamu daban, gurfanarwa daban, a nan ƙafarka ta zame. Nan gaba ka kira kakakin 'yan sandan jihar, ka kuma ji ta bakin mutumin kafin ka danna. Yanzu dai ka taka har rumfarsa, ka tafi da wani dattijon kasuwar, ka karanta masa gyaran a gaban maƙwabtansa, don a cikinsu mutuncinsa ya zube. Ko kwandon tumatir ya miƙo maka, kada ka karɓa.

Edita, Ikeja: In mai gidanka ya ƙi, ka rubuta masa buƙatarka a saƙo, ka ajiye. Sunanka ne a kan labarin, kana iya buga gyaran a shafinka na kanka.