Alkama a Bakin Bindiga: Musayar Baitoci

Mai Tanderu:
Salamu alaikum ma'abota baiti. Ga tambaya, amsa-amona "wa" ne.

Bindiga ta tashi can ƙasar Yukiren,
Me ya sa gurasar Jakara ke ƙanƙancewa?
A Fabrairun 2022 Rasha ta kutsa,
Kafin azumi buhun fulawa na ta hauhawa.
Ba mu ji ƙarar harsashi a Kano ba,
To ta wace ƙofa yaƙin ke shigowa?

Ɗan Tashar Jirgi:
Malam Mai Tanderu, ta ruwa yake bi,
Saurara ka ji yadda yake ratsowa.
Rasha da Yukiren, in ka gama su biyun,
Sun fi rubu'in alkamar da ake fitarwa.
Babbar ƙofarsu ita ce Bahar Aswad,
Sai mashigin Bosforus, nan ake wucewa.
Da aka toshe tashar Odesa ta Yukiren, nakiya ta cika ruwa,
Hatsi tan miliyan 20 ya kasa motsawa.
Mai jirgi ba ya ɗaga anga sai da inshora,
Ta yaƙi daban take, kullum tana daɗuwa.
Masu saye suka juya Amurka da Ajantina,
Kowa can ya nufa, farashi sai hayewa.
Indiya da aka sa wa rai, a watan Mayu
Zafi ya taɓa gonarta, ta rufe sayarwa.
Ran 22 ga Yuli aka sa hannu kan yarjejeniyar hatsi a Istanbul,
Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya ke sasantawa.
Tasha uku aka buɗe, ana binciken kowane jirgi,
Kusan tan miliyan 33 ya samu ficewa.
Da shekara ta zagayo, a Yulin 2023,
Rasha ta ce ta fita, babu sabuntawa.

'Yar Alƙahira:
Yaya, ka tsaya a teku ka bar tudu,
Zan sauya amo in kai ku Masar da wuri.
Can "aish" suke ce wa burodi, wato rayuwa,
Sunan kaɗai ya ishi mai hankali nazari.
Tana sahun gaba a masu sayen alkama,
Daga ƙasashen nan biyu kusan 80 cikin ɗari.
Mutum wajen miliyan 70 ke cin na tallafi,
Guda biyar a yini kowanne, haka yake a tsari.
Guda a fiyasta 5, kwabonsu, aka riƙe fiye da shekara 30,
Sai Yunin 2024 ya koma 20, aka yi ƙari.
Ka san abin da ya sa ake tsoron taɓa shi?
Shugaba Sadat ya gwada a 1977, wuta ta kama gari.
Labanon ta fi ban tausayi, rumbunan tashar Beirut
Sun tarwatse a 2020, yaƙin ya same ta ba shiri.
Ajiyarta a 2022 da ƙyar take kai wata guda,
Jirgi ɗaya ya makara, tukunya na cikin hatsari.

Ɗan Maiwurno:
Hajiya kin tsallake Sudan, ga ta maƙwabciya:
A garin Atbara, 2018, burodin fam 1 ya koma 3 a sari.
Daga layin burodi zanga-zanga ta tashi,
Afrilu na zuwa, kujerar Bashir ta yi ɓari.
Yaƙin 2023 ya tsai da injinan niƙa na Bahri a Hartum,
Alkama a bakin teku, wa zai mai da ita gari?

Malamin Gona:
'Yan'uwa, mu dawo gida mu duba namu,
Fiye da tara cikin goma baƙuwa ce a Najeriya.
An hana shigo da ita a 1987,
Gona ba ta cike giɓin ba, 1992 aka ja da baya.
Dalili? Alkama 'yar hunturu ce,
Ba a yi mata dole da doka ko hayaniya.
Tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba,
Nan ne lokacin shuka, tun sanyi na kan hanya.
Iri kilo 100 zuwa 120 a hekta,
A layi, tazarar santimita 20, ba watsi na tsiya.
Ban ruwa duk mako, kar ya kwanta a fangali,
Saiwa in ta nutse, ganye sai ya koma rawaya.
Wanda ya kai Janairu bai shuka ba,
Zafin Maris zai riske ta da madara a ƙwaya.
Sai ta motse, zangarniya ta yi shafal,
A sheƙe a auna, buhu uku ya koma ɗaya.
Kadawa da Haɗeja da Bakolori na yi,
Amma Marte fa? Namu yaƙin ya kore ta gaba ɗaya.
Ko takin fotash daga Rasha da Belarus yake,
Ka ga mai noman ma bai tsira daga wuya.

Mai Injin Niƙa:
Malam, na yarda da rabi, rabi ina da ja,
Noma kaɗai ba zai fid da mu kunya.
Farashin duniya ya sauko tun kafin 2023 ta ƙare,
Buhunmu bai sauko ba, ka san dala ce ke saya.
Naira ta faɗi tun Yunin shekarar,
Rangwamen teku duk ya narke a hanya.
Kilo 100 na alkama in ya shiga inji,
Wajen 75 ne fulawa, saura dusar akuya.
A rumbu, danshi kar ya haura 13 cikin ɗari,
In ya haura, fumfuna da ƙwari sun sami masaya.
Garin rogo kashi 10 burodi na ɗauka,
Ya wuce 20, ƙulli ya ƙi tashi, nan ne ƙarya.

Mai Tanderu:
Baba Mai Inji, kashi goman nan da ka ce,
A bangon tanderu gurasa za ta yi mannewa?

Mai Injin Niƙa:
Danƙon alkama shi ke riƙe ta a bango,
Rogo ba shi da shi, sai dai shanyewa.
Fara da mudu ɗaya cikin ashirin ka gani,
Ka ƙara murza, ka ba ƙulli lokacin kumburowa.
In ka ga gefenta na tsagewa tun a tafin hannu,
Rage rogon, ko ta faɗa garwashi tana ƙonewa.