Don Allah masu amfani da IRC, kwana uku ke nan ina magana ni kaɗai

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi.

Na gama bautar ƙasa bara, tun lokacin ina zaune gida ba aikin fari ba na baƙi. Yayana da ya ga zaman ya yi yawa sai ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa, wadda batirinta ba ya kai minti 40, ya ce in koyi wani abu ko na daina baccin rana. Shi ya ɗauki nauyin karatuna tun rasuwar mahaifinmu, ga shi da iyali, don haka ba na son in ba shi kunya. Na cire Windows don ta yi mata nauyi, na sa Linux, na fara koyon Python, yaren rubuta manhaja. Yau wata huɗu. Duk dare sai ya tambaye ni ina aka kwana.

To akwai wata 'yar manhaja ta kyauta da nake son in sa hannu a gyaranta, ko na samu abin nunawa idan ana neman aiki. A shafinsu suka ce mai tambaya ya same su a IRC, wato tsarin hira ta rubutu a intanet mai ɗakuna-ɗakuna. Na bi wani bayani da na gani, na shiga. Na yi sallama, shiru. Na ce akwai mai taimaka min, shiru. Mutum sama da 200 a jere a gefe amma ko tari babu mai yi. Da aka ɗauke wuta na dawo, komai ya goge. Wani ɗakin kuma ya ƙi buɗe min, wai +r. Na yi ƙoƙarin rajista, abin da na rubuta sai ya fito a fili cikin ɗakin. Yau da na haɗa da datar wayata ma ƙin shiga ya yi gaba ɗaya, yana ambaton SASL. Shin kora ta aka yi ne? Ko don sun ga daga Najeriya nake?

'Yar Zazzau:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna ɗan uwa. Ka ce abin da ka rubuta ya fito a fili, har da kalmar sirrin? In haka ne bar komai ka je ka canza ta duk inda kake amfani da ita. Sannan ba ka faɗa mana wace sabar IRC ɗin ka shiga ba, IRC ba wuri ɗaya ba ne. Kuma da wace manhaja?

Tsohon Hannu:
Ƙanena, ba wanda ya kore ka, kuma babu ruwansu da ƙasarku. Ni tun zamanin da muke biyan kuɗin awa a shagon intanet muna buɗe manhajar mIRC nake cikin harkar nan, saurara da kyau.

Abin nan ya girme ka. Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Oulu ta Finland a 1988, kuma har yau halinsa na da yana nan: ba ya ajiye maka saƙo. Abin da aka faɗa ba ka nan, ya wuce ka, kamar hirar dandali. Mai yiwuwa ma an amsa maka bayan an ɗauke wutar, amsar ta bi iska.

Mutum 200 da ka gani, yawancinsu ba sa gaban kwamfuta. Sunansu kawai ke zaune, su suna barci ko suna wurin aiki. Lokacin da kake rubutu da hantsi, na Amurka ko asuba ba su yi ba. Kuma a can ba a tsayawa gaisuwa irin tamu. Ba ina kwana, ba ya iyali, ba "akwai mai taimako". Ka jefa tambayarka cikakkiya: ga abin da na yi, ga abin da nake tsammani, ga abin da ya fito. Sai ka zauna ka jira, ko da awa uku ne. In kuskuren da kwamfuta ta nuna maka dogo ne kada ka zuba shi a ɗakin, layi 30 a jere sai a yi waje da kai. Ka sa shi a shafi irin paste.debian.net ka kawo adireshin kawai.

Ina kuma zargin tsohon bayani ka bi, wanda ke cewa a shiga ta freenode, tsohuwar cibiyar IRC ta masu manhajojin kyauta. A watan Mayu na 2021 rikicin mallaka ya sa ma'aikatan can suka ajiye aiki suka kafa Libera.Chat, manyan ayyuka irin su Ubuntu da Arch da Wikimedia suka bi su. Debian kuwa tana wata cibiyar, OFTC, tun kafin nan. Adireshin Libera shi ne irc.libera.chat, ƙofa 6697, ka kunna TLS mai ɓoye saƙo a hanya. Ka sauke manhajar WeeChat ka riƙa shiga da ita, ita ce ta masu aikin gaske.

Mai Gyaran Waya:
Ni fa ban ga dalilin wahalar nan ba. Ga Telegram, ga Discord, ga rukunonin 'yan Python har na Hausa. Na taɓa shiga wani ɗaki a IRC ɗin nan, na yi tambaya cikin ladabi da ɗan Turancin da Allah ya hore min, wani ya ce in je in karanta littafin bayani, ko kallo na biyu bai min ba. Kwana biyu abin na ci min rai. Girman kai ya yi musu yawa. Irin abin da wani ubangidana ya riƙa min ke nan lokacin ina koyon gyara, ka tambaye shi ya ce ba ka da ido ne. Shekara biyu na yi ina share masa shago.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Yaya Tsohon Hannu, Libera ɗin nake, ba freenode ba, na duba. Amma maganar gaisuwa ni dai ban ga laifina ba, ba a haka aka rene mu ba, ka faɗa wa mutane kai tsaye da buƙata. Anti 'Yar Zazzau, eh har da ita ta fito, amma ɗakin shiru ne, ba na jin wani ya lura. Ita nake sawa a imel da komai tun ina aji uku, in na canza mantawa zan yi. Oga Mai Gyara, mutanen manhajar ba sa Telegram, shi ya sa.

'Yar Zazzau:
Inna lillahi. Shirun nan shi ne abin tsoron. Waɗanda ka ga sunansu zaune, manhajojin da yawansu na rubuta duk abin da aka faɗa, wasu ɗakunan ma ana wallafa hirarsu a intanet. Ka canza ta imel ɗin yanzu, ka rubuta a takarda in mantuwa kake tsoro.

Abin da ya faru, ko ka manta alamar / a farko ko ka bar fili kafin ta. Ana rubuta /msg NickServ REGISTER sai kalmar sirri sai imel, kuma a tagar sabar ake yi ba cikin ɗaki ba, don ko an yi kuskure ba mai gani. Za su turo maka saƙo da layin da za ka kwafa ka tabbatar. Da ka yi wannan +r ta kau, ma'anarta kawai sai mai rajista. Kuma don Allah rabu da WeeChat yanzu, baƙin allo ne ba inda za ka danna. Buɗe web.libera.chat a burauza, ko ka sa manhajar HexChat.

Tsohon Hannu:
Hajiya, HexChat an daina kula da ita tun farkon 2024, kada ki ɗora yaro kan mataccen doki. Wanda zai yi Python kuma yana tsoron baƙin allo? Gara ya saba tun yanzu.

Batun SASL, ba hukunci ba ne. Akwai rukunin adireshin intanet da Libera ba ta bari a shigo ta cikinsu sai an gabatar da suna da kalmar sirri tun a bakin ƙofa, saboda masu ɓarna da suka taɓa bi ta nan. Kamfanonin waya kuma dubban mutane suke ɗorawa kan adireshi ɗaya, laifin wani ya shafe ka. Maganinsa ka nemi wata hanyar intanet ɗin, ka yi rajista sau ɗaya, ka sa bayanan a saitin SASL na manhajarka, shike nan datarka za ta shiga. Daga nan ka kafa manhajar ZNC a wata sabar da ba ta mutuwa, ta zauna maka a ɗakin ta tara saƙonni, ko wuta ta yi sati ba ta zo ba.

Baban Tagwaye:
Malam, mutumin da ya ce ba shi da aiki kake ce wa ya kama hayar saba da dala? Katin bankina ma sau nawa yana ƙin biyan irin waɗannan. Manhajar IRCCloud na da tsarin kyauta a waya, sai dai in ka bar shi awa biyu ba ka taɓa ba zai cire ka. Mu nan unguwarmu taransifoma ce ta ƙone tun kafin azumi, an karɓi kuɗi gida-gida har sau biyu, har yau shiru.

Sabon Shiga:
To ni yanzu na rasa na wa zan ɗauka. Wata hanyar intanet ɗin ai ita ce babu, da waifai ɗin maƙwabcinmu na shiga ranar farko kuma ya yi tafiya. Ba na son in sake tambayar Yaya kuɗi. HexChat ɗin ce ma a kan kwamfutar kuma ni ta yi min, na riga na saba da ita. Kalmar sirrin zan duba zuwa gobe in Allah ya kai mu. Amma tsakani da Allah, da a ce mutum ɗaya ya amsa sallamar nan da duk wannan bai faru ba.

Tsohon Hannu:
Ka dai sauke WeeChat ɗin.

'Yar Zazzau:
Gobe kuma? Ka canza ko ba ka canza ba?

Mai Gyaran Waya:
Baban Tagwaye, wace unguwa ce? Mu ma tamu tun watan jiya take hayaƙi.