Hatsin rahusa da rigimar "mabarata"

Mai kabu-kabu: Jama'a ku ji min. Tun asuba nake layin hatsin rahusa, rana ta take aka ce ya ƙare. Da yamma sai ga irin buhunan a kasuwa. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ruwa-ruwa, wato man fetur ɗin da ake shigowa da shi ta bayan fage, ya yi tsada, naira ta faɗi, Katsinawa sun rage zuwa sayayya. Wallahi mun zama mabarata a Maraɗi.

Alhaji mai shago: Yaro, gyara bakinka. Mabarata? Garin da ke cin kasuwa har Kano?

Malama: Alhaji, ku yi haƙuri, zancen buhunan yake yi.

Alhaji mai shago: Ya janye kalmar tukuna.

Ɗan zancen ƙasa: Maganar 'yan Tarayya ce wannan, jam'iyyar da sojoji suka kifar da mulkinta. Sojoji sun rage litar mai daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, sun rage kuɗin asibiti da na siminti, sun hana fitar da hatsi waje. Mabaraci ake yi wa haka?

Mai kabu-kabu: Sefa 41 ne ragin, dala takwas da sefa ɗaya ke nan. Siminti kuma ba a tuwo da shi.

Manomin Madarunfa: Hana fitarwar nan mu ta daka. Tiya ta yi araha a hannunmu, taki na nan da tsadarsa, 'yan bindiga sun hana mu gonakin nesa.

Ɗan zancen ƙasa: Ina kuke lokacin da CEDEAO ta rufe mana iyaka, Najeriya ta yanke wuta?

Badamagare: Ku yarda kawai, ko a tasha almajiranku sun fi namu.

Alhaji mai shago: Almajiri ba mabaraci ba ne, ɗalibi ne! Kai da garinku ruwan sha ke gagara.

Badamagare: Mu dai matatar mai a wajenmu take.

Malama: To buhunan fa? Wa ya kai su kasuwa?

Alhaji mai shago: Hajiya, kin gani da idonki?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Maraɗi ba garin bara ba ne, kuma gwamnati na ƙoƙari. Mai kabu-kabu ya ba Alhaji haƙuri. Zancen buhu babu hujja, na rufe.

Mai kabu-kabu: Ranka ya daɗe, ba ƙanenka ne ke riƙe da takardar sunaye ba?