Tambaya: Da Shehu yake Gudu, wane hali Amurka take ciki?

Malam Sahabi, Gidan Igwai:

Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a nan Sakkwato. Ranar Talata ina bayanin hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804, sai wata ɗaliba da ke zama a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a wannan shekarar akwai Amurka?" Na ce akwai, shekararta 28 da shelar 'yanci, Thomas Jefferson ke mulki. Ta sake cewa, "To akwai Musulmi a can?" Nan na tsaya da alli a hannu. Na yi mata alkawarin amsa mako mai zuwa.

Na san a ƙidayarsu ta farko ta 1790 mutane sun kusa miliyan huɗu, kusan 700,000 daga ciki bayi ne. Na san an kwashi mutane da yawa daga Afirka ta Yamma. Amma yarinyar nan ba lissafi take nema ba, mutum take so in nuna mata, mai suna da gari. Wa zai taimaka mini?

Hajiya Luba, Mabera:

Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta Malam, ka ba ta labarin Umar ɗan Sayyid, wanda Turawa ke rubutawa Omar ibn Said. Mutumin Futa Toro ne, ta bakin kogin Sanagal. Shi da kansa ya rubuta cewa shekara 25 ya yi yana neman ilimi. An kama shi a yaƙi, aka sauke shi a Charleston, tashar jiragen ruwa a Amurka, a 1807, ana saura kaɗan dokar hana shigo da bayi ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1808.

Ya gudu daga hannun ubangidansa na farko, aka kama shi a Fayetteville ta jihar North Carolina aka kulle. A cikin kurkukun ya riƙa rubutu da Larabci a jikin bango, mutanen gari suna zuwa kallo, ba mai iya karantawa. Rubutun nan ne ya sa aka san da shi, har ya koma gidan James Owen. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa, kuma bai fara da sunansa ba, da Tabaraka ya fara. Ranar da na ga hoton shafin a waya sai da na ajiye abin da nake yi. Hannun Magaribi ne, dangin wanda ke jikin allon da na wanke ina yarinya. Bawa ne a gidan wani, ya buɗe takardarsa da ayar da ke cewa mulki a hannun Allah yake. A ciki har yana ba da haƙuri cewa ya manta da yawa daga Larabcinsa. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa ni: malami ya yi shekara ashirin da wani abu ba abokin muraja'a.

Ya riƙa zuwa coci tare da iyalan gidan, masana na ta jayayya kan abin da ke zuciyarsa. Ni dai na bar wa Allah. Ya rasu yana bawa, ana tsakiyar yaƙin basasarsu.

Nasiru, Arkilla:

Baba Malam, ƙara da Abdurrahman Ibrahim ɗan Sori, ɗan gidan sarautar Timbo a Futa Jalon. Ya yi kusan shekara 40 yana bauta a gonar Thomas Foster kusa da Natchez ta jihar Mississippi. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta sa hukuma ta ɗauka Bamaroko ne, maganar ta kai ga Shugaba John Quincy Adams, aka sake shi a 1828. Ya zaga birane yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, bai tara abin da zai ishe su duka ba. Ya rasu a Monrobiya ta Laberiya a 1829, bai kai gida ba.

Kuma a gaya wa ɗaliban cewa Jefferson ɗin nan da ya rubuta an halicci mutane daidai, ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Injin gurzar auduga na Eli Whitney na 1793 shi ya sa bauta ta ƙara tsayawa da ƙafarta a jihohin kudu na Amurka.

Alhaji Buhari, Kanwuri:

Nasiru ɗana, gaskiya ka faɗa, amma kada Malam ya shiga aji da rabin magana. Mu ma nan an yi bauta. Kalmar rinji tana nan a bakin tsofaffi, kasuwar bayi ta ci a ƙasar Hausa kafin jihadi da bayansa. Cikin abin da Shehu ya yi wa sarakuna inkari har da bautar da Musulmi 'yantattu. Da Kilabaton (Clapperton), Baturen Birtaniya mai yawon binciken ƙasashe, ya zo wajen Sarkin Musulmi Bello a 1824, batun fitar da bayi ta teku na cikin abin da suka tattauna. Yaran yanzu suna da waya. In ba ka faɗa ba za su gani da kansu, su daina yarda da kai.

Malam Sahabi, Gidan Igwai:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Alhaji, ranka shi daɗe, na karɓa, zan faɗi duka biyun. Niyyata ranar Talata in raba allon aji gida biyu, Gudu da Tafkin Kwatto a dama, Charleston a hagu, in sa yarinyar ta karanto mana farkon Tabaraka da ka kafin in ambaci sunan Umar. Hajiya, na ji an ce takardar tana babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka a Washinton. In hoton shafin farko na wayarki, ki turo mini kafin Litinin, in kai a buga mini a babbar takarda, don ajin mutum saba'in ne, waya ɗaya ba za ta zaga ba.