Bashi ya yi min katutu: akwai dokar da za ta sauke min shi?

Telan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na iya rubuta ta. Ni tela ne, ina da kekuna uku da yara biyu a shago. Gabanin ƙaramar sallar bara na karɓi naira 850,000 a wani ƙaramin banki, na sayi keken surfani da janareta. Sai ga mai ya yi tsada, wuta ba ta zama, mahaifiyata kuma ta yi wata biyu a gadon asibiti. Don kada na banki ya wuce lokaci na shiga manhajar bashi ta waya. Waccan ta kai ni ga wata, yanzu huɗu ne. Ga Alhajin da nake ɗaukar shadda a wurinsa a kasuwar Sheikh Gumi, yana bi na 310,000.

Ranar Talata ina tsakiyar yanka shaddar wani ango surukina ya kira, wai an turo masa hotona da rubutu cewa ni ɓarawo ne. Ajiye almakashin na yi. Har aka kira la'asar ban iya ƙarasa yankan ba.

Wani abokina da ke Amurka ya ce can mutum kan je kotu a ayyana cewa ya karye, a share masa bashi. Akwai haka a nan? Kuma da gaske za a iya kulle ni?

Lauya daga Kawo:

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya yaye. Abin da abokinka yake nufi shi ne Babi na 7 da Babi na 13 na dokarsu. A na farko a sayar da abin da doka ba ta kare ba a yafe saura, a na biyu a tsara maka biya cikin shekara 3 zuwa 5. Mu ma muna da dokar karayar arziki tun 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara. Sai dai ba zan ba ka shawarar bin ta ba. Dukiyarka za ta koma hannun wanda zai sayar ya raba wa masu bi, wanda ka jinginar wa kaya kuma yana nan da haƙƙinsa a kan kayan. Kuɗin shari'ar kaɗai zai iya cinye abin da za ka rage bashin da shi. Shi ya sa da wuya ka ga ɗan kasuwa irinka ya bi ta nan.

Batun kulle kuwa, kwantar da hankalinka. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don bashi kawai ko saɓa yarjejeniya. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ba kowa cakin da ka san babu kuɗi a asusun, domin wannan laifi ne mai zaman kansa.

Tura hotonka ga suruki cin zarafi ne, bashi bai halatta shi ba. Ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da ta turo, ka kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta waya yin rajista. Amma fa asalin kuɗin da ka ci yana nan a wuyanka.

Maman Biyu, Rigasa:

Ɗan uwa, na taka wannan ƙayar a 2023 lokacin da aka rasa takardun kuɗi, sana'ar zoɓo da kunun aya ta tsaya min cak. Kuskurena ɓuya. Wata uku ina kashe waya, kuɗin ruwa yana ta haihuwa.

Ranar da na gaji, na yago takarda daga littafin ɗana na rubuta kowa da abin da yake bi na, na ajiye a kan tabarma ina kallo ina kuka. Amma daga ranar na fara barci. Da ƙafata na je banki, na rubuta takarda ina neman a tsawaita min lokaci a rage abin da nake biya duk wata, na sa aka buga min hatimi a kwafina. Ba su yafe ko sisi ba, amma sun tsawaita.

Kada ka ce za ka koma wani bankin ka ɓoye kuɗi. Tun 2020 Babban Banki ya kawo tsarin GSI, in ka sa hannu a kai lokacin karɓar bashin, za su bi BVN ɗinka su cire daga duk asusun da ka ajiye. Kuma don Allah kada ka ƙara karɓar ko naira ɗaya a waya.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sanusi:

Je wurin Alhajin shadda da wani dattijo da yake jin nauyinsa, kada ka aika. Aya ta 280 a Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Tauba, don haka kada kunya ta hana ka faɗa wa limaminku. Kuɗin ruwan nan kuwa, ka nemi gafarar Allah ka yi niyyar rabuwa da shi.

Telan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na yi irin lissafin da Maman Biyu ta yi, ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Na kuma gaya wa maiɗakina komai, ashe ta riga ta sani. Kawuna ya yarda zai raka ni wurin Alhaji ranar Asabar. Barista, wani ya taya keken surfanin 500,000, amma yana cikin kayan da na rubuta wa banki a matsayin jingina. In sayar in kai musu kuɗin, ko sai na fara samun izininsu a rubuce?