Baban yarana yana bin wuraren da na taɓa aiki yana ɓata ni, ga shari'ar riƙo a gaban alƙali

Maman Biyu:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sanin doka a taimaka min da shawara. Ina Kaduna, mun rabu da mijina bara, saki ɗaya ne kuma idda ta cika, yara biyu suna hannuna, mace ƴar shekara 7 da namiji ɗan 4, yanzu ya kai ƙara kotun shari'a wai a bashi su. To ba wannan ne ya dameni ba. Makarantar kuɗin da na koyar kafin in koma inda nake yanzu, ya je har ofishin mai makarantar yana tambaya wai me yasa na bar aiki, ko korata aka yi, ya ce musu ina dukan yara kuma ina da matsalar ƙwaƙwalwa, har ya nemi su bashi takarda ya kai kotu. Wata malama da muke shiri ce ta kirani muryarta na rawa. Jiya kuma naji ya samo lambar hajiyar da na taɓa riƙe wa shago. Wlh tsoro nake kar ya iso inda nake aiki, da albashin nan nake biyan haya. Akwai abinda doka zata min ko sai haƙuri?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Hajiya kiyi haƙuri amma uba yana da haƙƙin ya binciki hannun da ƴaƴansa suke, tambaya ba laifi bace. Ni inaga ki samu manyansa su ja masa kunne kafin maganar ta yi nisa.

Anti Lauya:
Malam Abu Hanif tambaya daban, ƙage daban. Ya tambaya ko korarta aka yi, babu mai kama shi akan wannan. Amma ya ce tana da taɓin hankali tana dukan yara alhali ƙarya ne, wannan ɓata suna ne, laifi ne a Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka, kuma zata iya neman diyya a babbar kotu.

Ƙanwata ki nutsu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, uwa ce a gaba wajen riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba. Ko da riƙon ya faɗi daga hannunki, misali kin auri wanda ba muharramin yaran ba, ba kai tsaye yake komawa wajensa ba, mahaifiyarki ce take biye. Shi yasa kika ga yana yawon nan, ya san sai ya nuna babu hankali ko babu amana sannan zai samu ƙofa, kuma shi da ya yi da'awa shi zai kawo hujja, ba ke zaki wanke kanki ba. Fita aiki kaɗai baya sa uwa ta rasa riƙo in dai akwai mai kula da yaran.

Abinda zaki yi yau ɗin nan, ki sayi littafi ki dinga rubutawa, ranar da ya je, wa ya samu, me ya ce, wa yake wajen. Malamar nan ki lallaɓata ko zata yarda ta tsaya shaida, dan da yawa a waya suna da baki, ranar zama kuma sai kiji wayar a kashe. In ya tura musu saƙo a WhatsApp ko na murya su turo miki, kar a goge komai. Ki koma makarantar da kanki cikin mutunci ki nemi takardar shaidar aiki mai nuna da kanki kika ajiye. Sannan a zama na gaba ki faɗa wa alƙali a gaban kowa a rubuta, ki roƙi a hana shi.

Kuma tunda Kaduna kike, jihar tana da dokar VAPP, wato dokar hana cin zarafin mutane, tun 2018, ta haɗa da bibiyar mutum da cutar da shi ta hanyar tsangwama, ana iya neman umarnin kariya daga kotu. In ba kuɗin lauya kije FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, ko Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimakawa da lauya, kyauta suke yi wa marasa hali.

Ummu Sadiq:
Nima an min irin wannan, har wajen ogana ya je. Abinda ya cece ni na riga shi, na samu ogan na ce ranka ya daɗe ga halin da nake ciki, in wani ya zo da magana a kaina a ji ta bakina. Da ya zo ko kujera ba'a bashi ba. Dan Allah kiyi haka gobe, kar kunya ta hanaki. Kuma komai zafin da kika ji kar ki rama a Facebook ko sitatus, shi zai buga a takarda ya miƙa wa alƙali, kuma kar yaran suji kina zaginsa.

Anti Lauya:
Na manta, makarantar ma ba'a sake take ba. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, bai kamata su buɗe masa fayil ɗinki ba sai da yardarki ko umarnin kotu. Ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa ki tunasar dasu, ki riƙe kwafi da sa hannun wanda ya karɓa.

Maman Biyu:
Allah ya saka muku da alheri, wlh sai yanzu na ɗan samu numfashi. Anti tambaya ɗaya, ƙarar ɓata sunan in shigar yanzu ne ko in bari a gama ta yaran? Baffana cewa yake kar in haɗa biyu.

Anti Lauya:
Ina tare da baffanki a nan. Ki tara hujja ki fara da wasiƙar gargaɗi daga lauya, sau da yawa ita kaɗai take tsayar dasu, kuɗi da ƙarfinki ki zuba akan riƙon. Amma in ya taka inda kike aiki yanzu, kar ki jira, ki nemi umarnin kariyar a satin. Yaushe ne zamanku na gaba?